Tagar da Ke Rawa da Kiɗan Bes

Ya ke Bilyana, ɓauren da ya nuna a kan katangar da hannuna ba ya kaiwa, ruwan sanyin da ke gangarowa daga duwatsun Rodopi, furen wardin da ya buɗe da sassafe ya kuma tanadi ƙayarsa domin ni kaɗai! Ina gaishe ki da zuciyar da kika hana sukuni, da yatsun da gilashi ya gama yankawa, da haƙurin da yau ya kawo mini iya wuya.

Ranar Talata da safe na gan ki.

Ni da maigida Petko muna ɗauke da babban gilashin da za mu sa wa wani kantin magani, ina gaba, yana baya yana mita a kan ciwon gwiwarsa. Rana ba ta gama hawowa tudu ba, duwatsun titi da santsin raɓa. Layinku ba hanyarmu ba ce, amma ƙafata ta riga ta lalace da sabo, sai ta karkato da mu ta can. Na ɗaga kai. Sai ga ki a taga, cikin jar rigar ulun nan, gashi a hargitse, kin ɗan fito da harshe ta gefen baki yadda kike yi in kina laluben wani sauti mai wuya a jitarki. A hannunki wuƙar yankan albasa ta kaka Stoyna. Kina ƙwaƙule danƙon da na liƙe gilashin tagarki da shi. A natse, gutsure bayan gutsure, kamar mai cire ƙaya daga kifi.

Na tsaya cik. Saura kaɗan maigida ya dasa hancinsa a gilashin. Ya ce, “Kai Zahari, ɗan jakar uba, mutuwa ka yi a tsaye ko me?” Sannan ya bi idona ya duba sama. Daga nan dariya ta kama shi, ta ciki, irin wadda ba ta da ƙara, har gilashin ya riƙa kaɗawa a hannunmu, na ji tsoron kada mu yi asararsa a tsakiyar titi.

Danƙon nan ni na kwaɓa shi, Bilyana. Alli da mai, na murza shi a tafin hannuna har ya yi laushi kamar kuncin jariri, na bi gefen gilashin da shi ban bar ko ƙofar da iska za ta leƙo ba. Bai yi wata guda ba! Ko gama bushewa bai yi ba!

Yau Alhamis kuma sai ga kaka Stoyna a shagonmu da kwandon kasuwarta, tana kallon rufi tana cewa jikarta ta ce tagar ta soma rawa kuma, a turo yaron nan mai gilashi. Yaron nan mai gilashi! Ni ne yau ba ni da suna? Maigida ya ce mata, “Kaka, wannan taga taku ta fi ta coci shan gyara. Ko dai mu ɗauke ta mu kawo ta shago ta zauna da mu?” Ni kuwa na wanke hannu na nemi takarda, ga ni nan ina fama da alƙalami, ni da na bar makaranta tun gashin baki bai tsiro mini ba. In kin ga rubutun ya karkace, ki yi haƙuri, layin da na iya ja a miƙe na kan gilashi ne.

Kin tuna zuwana na farko? Lokacin da gaskiya tagar ke rawa. Maƙwabta sun kai ƙara wurin kakarki cewa duk sanda kika kunna garmaho sai gilashin ya riƙa zuzu kamar an kulle ƙudan zuma a kwalba. Na shigo da kayan aikina, na tarar da ke zaune a ƙasa, jita mai tsirkiya huɗu a cinyarki, wadda kika ce mini sunanta bes, faifai yana juyawa. Faifan nan! Wanda kawunki Lyuben ya ɓoyo a ƙarƙashin kujerar babbar motarsa ya tsallako da shi iyakoki. Ban iya karanta rubutun bangonsa ba, har yau ban iya ba. Kika ce mini jaz ne, amma jaz ɗin da ya auri wutar lantarki. Ni dai abin da na ji rigimar kasuwa ce: mai busa yana ihu, mai fiyano yana tsoma baki, mai ganguna yana ta zuba kamar ƙanƙara a kan kwano. Na ce a raina, yarinya kyakkyawa haka, Allah ya jarrabe ta da wannan.

Sai kika tashi, kika kama hannuna, danƙo da komai, kika manna tafina a jikin gilashin. Kika ce, “Ba da kunne ake jin wannan ba, mai gilashi. Tsaya.” Na tsaya. Sai wani abu ya taso daga ƙasa, can ƙasa, ya bi katakon ɗaki, ya hau bango, ya shiga gilashin, ya shiga tafina, ya wuce gwiwar hannu ya zauna mini a ƙirji. Wayyo Bilyana! Har gobe ban san wanne ne ya fara girgiza ni ba, bes ɗin ko yatsunki a bayan hannuna.

Tun daga ranar na koyi jin sa, kuma ba don in burge ki kawai ba. In faɗa miki gaskiya, ko da ina jin haushinsa: mai bes ɗin faifan nan ya iya. Sauran masu kiɗa hawa suke yi mataki mataki kamar mai hawan bene. Shi sulalewa yake yi. Sautinsa yakan fito kamar namijin da ke rera waƙa baki a rufe, ya miƙe, ya lanƙwasa, ya yi ajiyar zuciya, kamar bijimi yana kiran garke daga ƙetaren kogi da yamma. Kana cikin wannan sai ya watso wasu ƙananan sautuka masu haske, ƙil, ƙil, irin ƙarar da gilashi mai kyau ke yi in na ƙwanƙwasa shi da farce. Kafin ka gama mamaki ya zabura da gudu kamar ɗan maraƙin da aka kwance, mai ganguna yana bin sa yana haki. A fuska ta biyu ta faifan kuwa, waƙa ta uku, inda kowa ke yin shiru a bar shi shi kaɗai, nan ne nakan ga idonki ya rufe, leɓenki yana motsi, kin tafi wata ƙasar da ba a ba ni takardar shiga ba.

Ke kika gaya mini cewa a ko’ina mai bes a baya yake tsayawa, kusa da mai ganguna, yana riƙe da kiɗan kamar harsashin gini, ba mai kallon sa, ba mai tafa masa, sai ranar da ya yi shiru kowa ya ji gidan ya ɗaga. Kika ce abin da ya sa wannan faifan ya fita daban shi ne, a cikinsa mai bes ya gaji da tsayuwar baya, ya tako gaba ya faɗi abin da ke ransa. Kina faɗa idonki na ƙyalli. Na riƙe maganar nan, zumata. Na riƙe ta fiye da yadda kike zato.

Amma wane irin abokin takara ne wannan kika haɗa ni da shi? Da wani saurayi ne a garin nan, da na tare shi a kan gadar kogin Maritsa mun yi ta ta ƙare. To wannan yana can bayan teku, bai san akwai wani gari wai shi Plovdiv ba, bai san launin idonki ba, bai taɓa hawan benenku mai duhu da gilashi a kafaɗa ba, amma da ya taɓa tsirkiya sai ki ɗaga mini yatsa. Yatsan nan! Siririn yatsan nan mai kanta a kai, wanda na fi so a duk yatsun duniya, sau nawa ya tsaya tsakanin bakina da kunnenki? In ce, Bilyana, akwai maganar da... sai yatsa. In ce, jiya na yi mafarki... sai yatsa. “Shhh, ga shi nan zai shigo.” Kullum yana shigowa. Ni yaushe zan shigo?

Kin tuna lokacin gashin barkono? Unguwa duk ta ɗauki ƙauri, kowane tsakar gida da murhunsa. Kaka ta nemi abin fifita wuta, ta ga wani kwali mai faɗi a kan tebur, ta ɗauka da faifan a ciki, ta yi fifitarta, ta jingine shi a jikin murhu. Da kika zaro shi ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji. Ban taɓa ganin kuka irin na ranar ba. Kika zauna a matakala kina rungume da shi kamar gawa, kaka na tsaye tana cewa ita dai kwali ta gani, wa ya ce a ajiye waƙa a cikin kwali.

Wa ya ɗauko gilasai biyu masu kauri daga shago, ya wanke su har suka yi ƙara? Wa ya hau da su rufin gidanku, ya kwantar da faifan a tsakaninsu, ya zauna a rana yana taɓa gilashin da bayan hannu, yana juya shi kaɗan kaɗan don kada gefe ɗaya ya fi shan zafi? Kina ta kai hannu za ki ɗaga ki leƙa, ina riƙe wuyan hannunki ina cewa bari tukuna, in aka buɗe shi da zafi zai koma yadda yake. Muka kai shi inuwa, muka danne da littattafan makarantarki, muka jira. Bai miƙe a ranar ba. Na dawo, na sake dawowa, har wuyana ya saɓule da rana. Ranar da muka ɗora shi a garmaho, allura ta ɗan yi sama ta yi ƙasa kamar kwalekwale a kan Maritsa, sannan ta zauna, bes ya shigo lafiya lau. Kika yi tsalle, kika yi ihu, kika ɗauke faifan kika sumbace shi.

Faifan, Bilyana! Faifan kika sumbata! Ni kuma aka zubo mini gasasshen barkono a faranti aka ce in ci in ƙara.

Na ci. Na yi haƙuri. Haƙuri sana’ata ce, wanda ba shi da shi ba ya daɗewa da yatsu goma a aikinmu. Da kika ji labarin cewa mutumin naki ya cire ƙananan ƙarafan da ke gindaye a wuyan jitarsa, shi ya sa sautinsa ke sulalewa, ba ki yi shawara da kowa ba, kika ɗauko wuƙar albasar kaka kika ɓanɓare naki ɗaya bayan ɗaya, kika bar wuyan jitar da ramuka kamar bakin tsoho. Ni na feƙe siraran itace na cike ramukan, na goge, na shafa, na sake gogewa, har kika ja yatsa daga sama zuwa ƙasa jitar ta yi kukan bijimin nan. Wuƙar dai ita ce ta ranar Talata. Na gane ta da ɗaurin waya a ƙotarta. Ke fa duk abin da kike so sai kin ɗauko masa wuƙa!

Kuma kada ki zaci Talata ce ta buɗe mini ido. Danƙon da ya bushe don kansa tsagewa yake yi, ya zubo da ƙarfi kamar busasshen burodi. Wanda aka ƙwaƙule yakan bar sawun baki mai santsi a jikin katako. Tun kira na biyu na ga sawun. Na gani a na uku, na gani a duk na bayansa. Na yi kamar ban gani ba, don na ɗauka yarenmu ke nan ni da ke: ke ki cire, ni in mayar, faifai yana juyawa, kaka tana kawo kofi. Na ce a raina, wata rana bakinta zai faɗi abin da wuƙarta ke faɗa. Zan jira.

Sai ga Rumen mai fiyano da labarinsa: an ɗauki ƙungiyar kiɗanku aiki a wani otal can ƙasashen arewa inda rana ke rowar fitowa, jirgin ƙasa ranar Asabar. Jira ya ƙare ke nan, ba ni na ƙarar da shi ba.

Shi ya sa ranar Lahadin da ta wuce da rana na zo da farar rigata, ba kayan aiki. Tun daga bakin kogi nake maimaita maganata kamar ɗan makaranta. Na tarar kina haɗa akwati, fuska ta biyu tana kan garmaho. Na buɗe baki, a faifan mai busa ya yi shiru, mai fiyano ya yi shiru, mutuminki ya tako gaba, yatsanki ya tashi. Ni kuma na miƙa hannu na ɗaga allurar.

Na san abin da na yi. Na san a wurinku masu faifai gara mutum ya taka maka ƙafa da ya ɗaga maka allura a tsakiyar waƙa. Ba zan ba da haƙuri ba. A cikin shirun nan na ce ki aure ni, yanzu ko in kin dawo, ni dai ki ce e. Kika dube ni kamar na fasa gilashin coci. Kika ce, “A tsakiyar bes, Zahari? A tsakiyar bes?” Sannan kika ce in mayar da ita in fita, jirginki ranar Asabar ne, kuma babu gurbin mai gilashi a akwatinki. Na mayar da ita daidai inda na ɗauke ta, ko ƙarzane ban yi ba, kin san hannuna. Na sauka benen nan ina jin sa yana bi na ta cikin bango har ƙofar waje.

To ki gaya mini, ya ke tsuntsuwar da ke kuka a kan reshen da ta hana kowa hawa: wadda ba ta da gurbin mai gilashi, me ya fito da ita taga da sassafe, cikin sanyin watan Maris, da wuƙa a hannu? Wa za ta bar wa taga mai rawa, ita da za ta tafi da garmahonta? Bakinki ya ce tafi, hannunki ya ce dawo. Wanne zan bi? Ni mutum ɗaya ne, ƙafafuna biyu ne kawai, kuma duk hanya ɗaya suka sani!

Ba cewa nake kada ki tafi ba. Ki tafi, hasken idona. Na san can ɗin waƙoƙin rawa za su sa ki kaɗa wa mashaya, ki tsaya a baya kusa da mai ganguna, amma na kuma san wata rana za ki faki idon Rumen ki sulale da yatsa, wani a cikin masu cin abinci ya ajiye cokali bai san dalili ba. Ba zan tsaya tsakaninki da wannan ba. Wanda ya cike ramukan jitar da hannunsa ba zai ce a rataye ta a bango ba. Kalma ɗaya nake nema in riƙe kafin ki dawo. Amma na gaji da a kira ni da sunan taga.

Don haka ga abin da zan yi. Ba zan zo da danƙo ba. Gobe Juma’a, lokacin hutun cin abincin rana, zan tsaya a gindin bishiyar da ke kallon tagarki, hannu biyu a aljihu. Tunda magana tana yi miki nauyi, ba sai kin ce komai ba. Ki sa fuska ta biyu, ki ƙara murya, gilashin da kika kwance zai kawo mini shi har titi. In an zo inda kowa ke yin shiru a bar shi shi kaɗai, ki ɗaga allurar da hannunki. Shirun nan shi ne amsata. In na ji shi, zan hau benenku da gudun da ban taɓa yi da gilashi a kafaɗa ba.

In kuwa kika bar shi ya kai ƙarshe, na ji. Zan koma shago. Maigida Petko zai zo ranar Litinin ya liƙe tagar, don ba zan bari sanyi ya kama ƙirjin kaka saboda taurin kanmu ba. Aikinsa ba ya kai nawa kyau, amma yana riƙewa.

Zaren nan ja da fari da kika ɗaura mini a wuyan hannu ranar ɗaya ga wata yana nan. Jiya na ga shamuwa ta farko a kan bututun hayaƙin gidan burodi, kowa a layinmu ya kwance nasa ya rataya a reshe, yadda al’ada ta ce a yi in shamuwa ta dawo. Ni ban kwance ba. Shamuwa ta dawo, tawa kuma tana haɗa akwati, in kwance in ce na ga me? Zai zauna a hannuna, ya sha mai, ya sha alli, ya koɗe, har ranar da wadda ta ɗaura shi za ta kwance shi da kanta, ko da wuƙar albasa ce.

Naki, wanda ya daɗe a baya yana riƙe da gini, yau ya tako gaba sau ɗaya, kuma ba zai so wata ba muddin hannunsa na jin rawar gilashi,

Zahari

Af. Na san ki. Za ki karanta wannan ki ɗaga gira ki ce mai gilashi ya yi mafarki a tsaye, danƙon da kansa ya zube. To ba ni kaɗai na gani ba. Maigida Petko ya gani, har yanzu in ya dube ni sai ya kama ciki. Inna Donka mai sayar da madara a kusurwa ta gani, ta ma zuba wa wani ya wuce mudu don tana kallon sama. Mai kai wasiƙu ya gani, ya sauka daga kekensa. Ta ƙarshe kuwa a bayanki take tsaye, riƙe da farantin da kike zuba gutsattsarin danƙon a ciki don kada su faɗo titi. Kaka Stoyna ce. Ta gan ni sarai, ta ɗaga mini farantin.